DANGIN AGUGU: TSIRON DA MUKE ZANAWA A ALLO, BA MU TAƁA RIƘE SHI DA HANNU BA

A wata ziyara da na kai wata makarantar sakandare da ke karɓar yara daga Darini da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, na tarar da malamin ilmin halittu ya cika allo da zanen wani ganye mai kama da gashin tsuntsu. Zanen ya yi kyau ƙwarai, yara kuma sun kwafe shi tsaf cikin littattafansu. Da malamin ya ba ni dama, sai na tambayi ajin ko akwai wanda ya taɓa ganin wannan tsiro da idonsa. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, na gan shi cikin tukunya a ƙofar wani ofis a Katsina, amma an ce mini furen Turawa ne.” Wannan amsa ita ce dalilin wannan rubutu, domin akwai kurakurai biyu a cikinta, kuma ba laifin yaron ba ne ko ɗaya. Tsiron ba ya fure sam, kuma ba na Turawa kaɗai ba ne.

Ra'ayina shi ne, kowace makarantar sakandare a wannan yanki ta ware wani ɗan lungu mai inuwa ta shuka wannan tsiro, ta riƙa koyar da darasinsa da shi a hannu. Na san akwai masu ganin cewa wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, kuma zan zo kan hujjojinsu. Amma bari mu fara sanin tsiron tukuna.

SUNANSA DA ASALINSA

Bature yana kiran wannan tsiro fern, masana kuwa suna sanya shi cikin rukunin da ɗalibai suka sani da Pteridophyta. Sau da yawa akan ce Bahaushe ba shi da suna gare shi. To, a cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dokta J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 akwai kalmar agugu, wato wata saiwa da masu magani ke sayarwa don kashe tsila, doguwar tsutsar nan ta ciki, kuma ya bayyana cewa saiwar ta irin wannan tsiro ce. A Turai ma an daɗe ana amfani da wani ɗan'uwansa mai suna Dryopteris filix-mas don wannan aiki, kafin likitoci su daina saboda yana da dafi, idan aka zarce ƙima yakan taɓa gani, har yakan kashe. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa ya sha. Abin da nake so mu ɗauka shi ne sunan. Tun da kakanninmu sun bar mana kalma, ina ganin ya dace mu kira rukunin baki ɗaya dangin agugu, kuma haka zan kira shi har ƙarshen wannan rubutu.

Dangin agugu sun haura iri 10,000 a duniya, kuma suna cikin tsirrai mafiya daɗewa a doron ƙasa. Burbushinsu da aka samu cikin duwatsu ya nuna cewa suna nan fiye da shekara miliyan 350, tun kafin a sami wani tsiro mai fure. Gawayin kwal da Ingila da Jamus suka yi ta haƙa don tafiyar da masana'antunsu, ragowar dazuzzuka ne na wancan zamani, waɗanda waɗannan tsirrai da 'yan'uwansu suka cika.

Wanda yaron nan ya gani a ƙofar ofis, mai yiwuwa Nephrolepis exaltata ne, domin shi masu sayar da furanni a bakin titunan Kano da Kaduna da Katsina suka fi ajiyewa. Asalinsa daga ƙasashe masu zafi da laima na nahiyar Amurka ne. A 1894 wani mai lambu a birnin Boston ya lura da wani guda mai ganye masu lanƙwasa cikin kayan da aka aiko masa daga Filadelfiya, ya yi ta yaɗa shi, kuma daga nan ne ya bazu cikin gidaje da ofisoshin duniya. Ganyensa dogo ne, ƙananan ganyayyaki jere dama da hagu kamar haƙoran matsefi. Ba ya son rana mai ƙuna, ba ya son busasshiyar iska, shi ya sa duk wanda ya ajiye shi a tsakar gida cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Katsina, zai same shi ya ƙone cikin 'yan kwanaki.

TSIRO MAI RAYUWA BIYU

Abin da ya sa wannan tsiro ya cancanci kulawar malami shi ne yadda yake haihuwa. Gero da wake da tsamiya duk suna fure, su yi 'ya'ya, a shuka 'ya'yan su tsiro. Dangin agugu ba su da fure, ba su da 'ya'ya. Idan ka juya bayan ganyen da ya nuna, za ka ga wasu ɗige-ɗige masu launin ƙasa-ƙasa a jere. Mutane da yawa sukan zaci cuta ce ko kashin ƙwari, har su yanke ganyen su yar. Waɗannan ɗige-ɗige tarin 'yan jakunkuna ne, kowace cike da wani gari mai laushi da za mu kira ƙurar iri. Idan jakar ta bushe sai ta tsage ta watsa ƙurar cikin iska.

Ƙwayar ƙurar da ta faɗi a wuri mai danshi ba ta fitar da tsiro irin uwarta. Abin da ke fitowa wani ɗan koren faifai ne mai siffar zuciya, wanda bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, ba shi da kara ko saiwa ta gaskiya. A ƙarƙashin wannan faifai ake samun ƙwayoyin namiji da ƙwan mace. Ƙwayar namijin tana da 'yan gashi da take iyo da su, kuma dole ta sami ɗan ruwa, ko da raɓa ce, ta yi ninƙaya ta isa ga ƙwan. Bayan sun haɗu ne sabon tsiro mai ganye ke fitowa, ganyen farko a nannaɗe kamar gammo, yana warwarewa a hankali. Ka ga ke nan tsiro ɗaya yana da rayuwa biyu da ke karɓa-karɓa, ta mai ganye da ta ɗan faifai. Wannan buƙata ta ruwan ninƙaya ita ce sirrin da ya ɗaure dangin agugu ga inuwa da laima.

Mutanen da suka gano wannan ba su da kayan aikin da suka fi na makarantunmu. Wani likita mai suna John Lindsay, da ke aiki a Jamaika, shi ya bayyana a 1794 yadda ya shuka ƙurar a tukunya ya ga ta tsiro. Wilhelm Hofmeister kuwa, Bajamushen da ya fayyace wannan karɓa-karɓa a 1851, mai sayar da littattafai ne a birnin Laifzig, bai yi karatun jami'a ba, yakan duba tsirrai da madubin ƙara girma da asuba kafin ya tafi shago. Daga baya jami'a ta ɗauke shi farfesa. Ina so ɗalibin Darini ya ji wannan labari da kyau, domin ya san cewa kaifin ido da haƙuri suna gaba da tsadar kayan aiki.

NAMU NA GIDA

Kuskure na biyu a amsar yaron nan shi ne ɗaukar tsiron a matsayin baƙo. A 1959 masani A. H. G. Alston ya wallafa littafi guda sukutum a kan dangin agugu na Afirka ta Yamma. Gaskiya ne yawancinsu suna kudu ne, inda ruwa ya yawaita, da kuma kan tsaunuka irin su Filato da Mambila da Obudu. Amma ƙasarmu ta savana ma tana da nata, kuma su ne suka fi ban mamaki, domin sun koyi zama inda ruwan sama ba ya wuce wata huɗu zuwa biyar a shekara.

Akwai Actiniopteris radiata, ɗan ƙaramin tsiro da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ganyensa kamar na giginya da aka ƙanƙance. Yana zama cikin tsagar duwatsu a busassun ƙasashen Afirka da Larabawa da Indiya, irin duwatsun nan da suka yi fako-fako a yammacin Jihar Katsina. Da rani yakan naɗe ya bushe kamar ya mutu, da ruwa ya sauka sai ya buɗe ya koma kore. Akwai Marsilea, wanda ke fitowa a bakin kududdufi da fadama, mai 'yan ganye huɗu a kan siririn kara. Shi yakan kulle ƙurar irinsa cikin wani ƙwanso mai tauri kamar ƙwayar wake, ƙwanson ya kwanta cikin busasshiyar laka, kuma an tabbatar yana iya yin shekaru gommai a bushe, ranar da ya jiƙa ya fashe ya tsiro. Akwai kuma Azolla pinnata, ɗan mitsitsi mai yawo a saman ruwa, wanda bai kamata a rikita shi da kainuwa ba, domin kainuwa tana fure. Cikin ganyen Azolla akwai wasu ƙananan halittu masu ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi ke sayen buhun yuriya dominsa. Manoman shinkafa a ƙasar Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renonsa a gonakinsu a matsayin taki, kuma a ƙasashe da dama ana haɗa shi cikin abincin kaji da kifi.

Yaron da ya bi shanu bakin tafki da damina ya taka Marsilea ba sau ɗaya ba. Abin takaici shi ne, ya shiga aji an zana masa hoton wani tsiro na Ingila, ba a gaya masa cewa wanda ya taka jiya ɗan gidan ne ba. Da haka yake girma yana ganin kimiyya wani abu ne da ke cikin littafin Turanci, ƙauyensu kuwa ba shi da rabo a ciki. Wannan ita ce asarar da nake kuka da ita, kuma ta fi asarar maki a jarrabawa.

HUJJOJIN MASU SUKA

Wani malami abokina ya ce da ni, “Malam, mutanen da ke sayen ruwa a jarka za ka ce su shayar da ganyen ado?” Tambayarsa tana bisa hanya. Amsata ita ce, ba lambu irin na gidan gwamnati nake kira a yi ba. Tukunya biyu ko uku ake buƙata, kuma Bahaushe ya riga yana da wurin da ya dace da su, wato gindin randa. Randa tana tsatsafar da ruwa dare da rana, ƙasar gindinta kullum a jiƙe take, iskar wurin da sanyi, kuma ba a ajiye ta sai a inuwa. Ruwan da ke zuba banza idan yara suka sha ko suka wanke hannu, muddin babu sabulu a ciki, ya ishe su. Gwajin ƙurar iri kuwa cikin rufaffen mazubi ake yin sa, ruwan kofi ɗaya yakan yi makonni bai ƙare ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta tsaro. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, shi ne ya kamata ya zama babban ɗakin gwajin yaran wannan yanki. Amma tun cikin shekarun 2010 ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan bindiga, kuma bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, babu shugaban makaranta mai hankali da zai kwashi yara ya nufi daji da sunan nazarin tsirrai. Ni ma ba na ba da wannan shawara, kuma ina gargaɗin ɗalibai kada su yi gaban kansu. Sai dai wannan hali shi ne ma ya ƙarfafa hujjata. Tun da an raba yara da daji, wajibi ne a kawo musu ɗan abin da za a iya cikin harabar makaranta. In ba haka ba za mu yaye tsara guda na 'ya'yan manoma da makiyaya waɗanda ba su san tsirran ƙasarsu ba sai a hoto.

Suka ta uku ita ce ta masu cewa tsiron ba a ci, ba a sayarwa, to me amfaninsa? Na riga na ambaci Azolla, ko da yake gaskiya ita ce ba ya jure tsananin zafi, sai an yi masa rumfa. Ga wani misalin. A 2001 wata masaniya mai suna Lena Ma da abokan aikinta a Jami'ar Fulorida suka ba da rahoton cewa Pteris vittata, wanda mutane ke shukawa don ado, yana zuƙe gubar asenik daga ƙasa ya tara ta cikin ganyensa, kuma an yi amfani da shi wajen tsabtace gurɓatattun filaye. A 2024 kuma aka gano cewa wani ɗan ƙaramin ɗan wannan dangi a tsibirin Sabuwar Kaledoniya yana da kundin ƙwayoyin gado da ya fi na kowace halitta da aka taɓa aunawa, ya ninka na ɗan Adam fiye da sau 50. Duk waɗannan an same su ne domin wani ya tsaya ya duba abin da wasu suka raina.

Akwai wani amfanin da ya fi kusa da mu. Dangin agugu ma'aunin inuwa ne. Inda aka sare tsamiya da kanya da marke aka yi gawayi, ƙasa takan bushe, su ne kuma ke fara ɓacewa. Katsina tana cikin jihohi 11 na arewa da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. An sha dasa itatuwa a yi biki, su mutu kafin shekara ta zagayo, saboda babu mai kula. Yaron da ya ga tukunyarsa ta yi kore a gindin mangwaro, ta ƙone da aka matsar da ita taku biyar zuwa rana, ya fahimci darajar itace fiye da wanda aka yi wa lacca goma. Gani ya kori ji.

YADDA ZA A YI

Malami ya samo tukunya ɗaya daga masu sayar da furanni idan ya shiga Katsina ko Dutsin-ma, ya zaɓi wadda bayan ganyenta ke da ɗige-ɗigen nan, domin wasu na ado ba sa yin su. A ajiye ta a inuwar bedi ko mangwaro ko gindin randa, cikin ƙasa mai haɗe da yashi da ruɓaɓɓen ganye, tukunyar kuma da huda a gindi. Da hunturu a kāre ta daga iska, a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa da safe. Tsiron yakan miƙa wasu siraran igiyoyi da ke fitar da 'ya'ya, da su za a raba wa sauran azuzuwa.

Don gwajin, a yanki ganye mai ɗige-ɗige da suka nuna, a kifa shi a kan farar takarda a ɗaki marar iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu za a ga ƙura mai launin ƙasa ta zuba. A sami roba mai haske da murfi, a zuba ƙasa mai laushi ko gutsuren kasko, a kwarara tafasasshen ruwa a kai don kashe gansakuka da sauran ƙwayoyi, a bari ya huce. Sai a barbaɗa ƙurar kaɗan, a rufe, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta bugawa. Cikin makonni kaɗan za a ga kore-kore ya bayyana, daga baya 'yan faifan nan masu siffar zuciya su fito, bayan wasu watanni kuma ganyen farko ya ɗago. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi yana rubuta kwanan wata da abin da ya gani, yana zanawa. Wannan rubutu na yau da kullum shi ne ainihin aikin masanin kimiyya. Dabarar rufaffen mazubin ma tana da tarihi: wani likitan Landan, Nathaniel Ward, ya ga irin wannan tsiro ya fito cikin rufaffiyar kwalba a 1829, daga nan ya ƙera akwatin gilashi da aka riƙa ɗaukar tsirrai da shi a jirgin ruwa daga nahiya zuwa nahiya.

Ga gargaɗi biyu. Na farko, kada sha'awa ta sa a tuge na daji. A Ingila, cikin ƙarni na 19, mutane sun haukace da tara waɗannan tsirrai har wasu irinsu suka kusa ƙarewa a wuraren da suke. Wanda ya ga ɗaya a tsagar dutse kusa da gari, ya zana shi, ya ɗauki hotonsa, in ya so ya cire ganye ɗaya, ya bar saiwar. Na biyu, kada a zuba wani baƙon tsiron ruwa cikin tafki ko dam. Salvinia molesta, ɗan wannan dangi daga Barazil da aka yaɗa don ado, ya rufe wani babban sashe na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a farkon shekarun 1960, ya hana su da sufuri. Ba ma fatan ganin haka a Zobe ko Jibiya, kuma rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

Ina kira ga sassan ilmin halittu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda su ne mafiya kusa da wannan yanki, da su riƙa renon waɗannan tsirrai suna ba malaman sakandare, su kuma karɓi zane da hotunan da ɗalibai suka tara, su taimaka wajen tantance sunayensu. Malamai kuma su aiki yara su tambayi tsofaffi da makiyaya da masu magani sunayen da suke kiran waɗannan tsirrai da su, da Hausa da Fulatanci, a rubuta tun masu sanin suna raye. Kai kuma ɗalibi, damina mai zuwa idan ka je bakin kududdufin garinku, ka sunkuya ka nemi ɗan tsiro mai ganye huɗu. Idan ka same shi, ka kai wa malaminka ganye ɗaya, ka roƙe shi a fara darasin daga nan.